Ni da Baba Usman a Bakin Layin Dogo

Abin da na fara rasawa a Jidda fasfona ne. Ina fitowa daga filin jirgi wani mutum mai farar jallabiya ya tare ni, ya kira sunana daidai, Mamuda, ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe fasfo yake nufi. Ya jefa shi a aljihu ya ce, "Yalla," na bi bayansa da jakata. Dillalin da ya yi mini hanya a Kano rantsuwa ya yi cewa aikin tuƙi ne a wani kamfani, da ɗaki mai sanyi, da hutu duk shekara. Ni kuwa direba ne, na daɗe ina jan motar haya tsakanin Kauran Namoda da Gusau, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Sai da aka yi mini iƙama, katin izinin zama, wani ya karanta mini sana'ar da aka rubuta a kai: lebura.

Abhur aka kai ni, can arewa a bakin teku, wani gidan shaƙatawa da masu hali ke kamawa ranakun hutu. Aikina shara, da wankin tafkin wanka, da kwashe ƙayar kifi da tokar shisha in baƙi sun watse. Makwancina wata kwantena ce ta ƙarfe a bayan katanga. Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu ƙona ka yake yi ya bar ka a bushe, nasu kuwa jiƙa ka yake yi, ka wuni kamar wanda aka lulluɓe da jiƙaƙƙen bargo. In na kira gida, matata Hadiza ta tambaye ni wace irin mota nake ja, sai in ce layin ba shi da kyau. Wata bakwai na yi a gidan nan ina wannan ƙaryar.

Wanda ya riƙe ni a lokacin mai dafa abincin gidan ne, Shafiƙ, mutumin Bangaladash. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, Larabcinmu kuma duka gurgu ne. Amma kullum da azahar zan tarar da kwanon shinkafa da miyar wake a kan tagar kicin, an rufe da faranti don kada kyanwa ta taɓa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku, shi ya riƙa yin sharata bayan ya sauke girkinsa, bai faɗa wa kowa ba.

Da aka sayar da gidan, kafilina, wato mutumin da sunansa ke kan takarduna, ya ce in nemi inda zan sa kaina. Na ce to a ba ni fasfona. Ya ce in na sake tambaya zai kai rahoton cewa na gudu daga aiki. Na san abin da ke biyo bayan wannan: a kama ka, a tsare ka, a sa ka a jirgi da kayan jikinka. Shafiƙ ya rako ni bakin titi, ya cusa mini burodi da dabino a jaka, ya rungume ni yana wata magana da yarensa. Har yau ban san abin da ya ce ba, amma na ce amin.

Ruwais na faɗa, tsohuwar unguwa mai lunguna kusa da teku. Wani tela mutumin Katsina, Malam Haruna, wanda ya zo umara shekaru da yawa ya zauna, shi ya ba ni wurin shimfiɗa tabarma a gefen kekensa na ɗinki. Na yi dako, na yi wankin mota, duk abin da ya samu. In aka ce ga motar jami'ai nan, sai ka ga titi ya zama wayam, kowa ya nutse a lungu. Wata rana ina wucewa ta ƙarƙashin wata taga ƙamshin daddawa ya dake ni. Ban san sanda na jingina da bango ba. Na tsaya ina shaƙa, hawaye na zuba, ƙato da ni, mai 'ya'ya uku.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Haruna ya ja ni gefe.

"Akwai wata likita a Aziziyya tana neman mai jin Hausa. Hausar gida fa, ba ta 'yan Jidda ba. Jinyar tsoho ce. Za ka iya wanke wa namiji jiki?"

Na ce, "Malam, shekara biyu na yi ina jinyar mahaifina kafin ya rasu."

"To sa riga mai kyau."

Sunanta Dakta Samira. A falo ta yi mana bayani, rabi da Larabci, rabi da wata Hausa mai tuntuɓe. Mahaifinta, Baba Usman, wanda take kira Abuya, Bahaushen Sudan ne. A samartakarsa direban jirgin ƙasa ne a can, daga baya ya ƙetaro Jidda ya buɗe shagon kayan gyaran mota, a nan ya haifi 'ya'yansa. Wata huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Da ya farfaɗo, Larabcin da ya yi shekara saba'in yana yi ya ɓace masa ƙaf, babu abin da ya rage a bakinsa sai Hausar da ya sha a nono.

Ta ce, "Ni ina ji kaɗan-kaɗan, amma magana, wallahi, wuya. Abuya yana cewa abu, ni ban gane ba, sai ya yi fushi. Halas, ba ya cin abinci."

Na same shi a kwance ya juya wa ƙofa baya, dogon tsoho da ya rame har ƙashin kafaɗarsa ya fito. Na durƙusa na ce, "Salamu alaikum, Baba. Ina wuni? Yaya ƙarfin jiki?"

Ya daɗe kafin ya juyo. Ya ƙare mini kallo, sannan ya ce da rabin baki, "Kai ɗan wane gari ne?"

"Kauran Namoda, Baba."

"Akwai dogo a garinku?"

"Akwai, amma awaki ke kwana a kansa."

Sai ya yi dariya, wata dariya mai kama da tari. Dakta Samira ta toshe baki da mayafinta. Ashe mako uku ke nan yana maimaita musu kalma ɗaya, tsamiya, su kuma sun ɗauka sunan wata mace yake kira. Kunun tsamiya yake so. Na shiga kicin na dama masa, ya sha kofi biyu.

Sau uku ita da mijinta suka je wurin kafilina. Ban san abin da suka faɗa masa ba. Na dai san wata safiya ta ajiye fasfona a kan tebur, an mayar da takarduna sunan mijinta, ta ce, "Naka ne. Ka riƙe a wurinka." Ranar na kira Hadiza na faɗa mata gaskiya tun daga farko. Ta ce, "Ai na sani. Direban da ban taɓa jin ƙarar mota a bayansa ba?"

Shekara guda na yi a Aziziyya ina yi wa Baba wanka, ina ba shi abinci, ina juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Ya ɗan murmure, amma da zafi ya sake kamawa sai ya koma gidan jiya. Ya daina son fita, ya daina hira, in na kawo abinci ya kau da kai. Dakta Samira ta ce sai an canza masa iska. Mutanen Jidda da yawa kan tafi ƙasar Bosniya da ke Turai lokacin zafi, ita ma can ta zaɓa. Bizata ce ta fi ba da wahala, amma ta fito. Mijinta aiki ya riƙe shi, sai muka tafi mu uku.

Garin da muka sauka Konyits suke ce masa. Tsohon gari ne a tsakanin duwatsu masu tsawo, kogi ya raba shi biyu. Ruwan kore ne shar, in ka tsoma hannu a ciki yatsunka sai su ƙage don sanyi. Akwai wata gada ta dutse tun zamanin Turkawa, da masallatai masu siraran hasumiyoyi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin kiran salla daga bakin farar fata mai shuɗin ido. A jikin wasu gidaje kuma har yanzu akwai ramukan harsashi na yaƙin da suka yi, ba a toshe ba.

Gidan da muka kama a kan tudu yake. Washegari da safe ina shafa wa Baba mai a ƙafa, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Dakata."

Na tsaya. Can ƙasa na ji wani gurnani yana tasowa daga cikin duwatsu.

Ya ce, "Jirgin ƙasa ne, na kaya. Yana da nauyi. Ji yadda yake nishi a hawa." Idonsa ya buɗe tar, irin buɗewar da na yi watanni ban gani ba. "Kai ni."

Daga ranar tasha ta zama wurin zamanmu. Ƙaramar tasha ce, benci uku da agogo, dutse a bayanta, kogi a gabanta. Da safe jirgin fasinja ya taho daga Sarayebo, babban birninsu, ya nufi kudu, da yamma ya dawo. Tsakani kuma na kaya su wuce. In tura keken Baba zuwa ƙarshen dandamali, in rufa masa bargo a gwiwa, mu zauna muna jira. Akwai wani dattijo ma'aikacin tashar mai jar hula. Na nuna masa da hannu cewa wannan tsohon direban jirgi ne. Sai ya ƙame ya sara wa Baba. Daga nan kullum sai ya kawo mana gahawa a wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna, ya tsaya kusa da Baba, su biyu suna kallon layi, babu mai jin yaren wani.

A nan bakin Baba ya buɗe. Ya ba mu labarin yadda guguwa ke binne layi da rairayi a hamadar Sudan, a sauko da shebur har da fasinjoji a tone. Ya ba mu labarin gangaren duwatsu kafin a isa teku, inda direba ke riƙe birki kamar yana lallashin jariri. Dakta Samira takan zauna a benci, ina fassara mata da gurgun Larabcina, tana rubuta kalmomin Hausa a wayarta. A nan ta fara jin dalilin barinsa Sudan. Yajin aiki suka yi aka kore su, shi kuma kunya ta hana shi faɗa wa 'ya'yansa, ya bar su a kan cewa kasuwanci ne ya kawo shi Jidda. Ta kama hannunsa ta ce da Hausa, "Abuya, ba kunya." Ya fara cin abinci. Har kifin kogin ya ci, ya ce bai kai na kogin Nilu ba.

A kwana na goma, ni da Baba kaɗai ne a tasha, na ji an ce a bayana, "Kai, Hausa nake ji ko mafarki nake yi?"

Wani mutum ne baƙi siriri, da jaka a baya, takalminsa ya yage an ɗaure da waya. Sunansa Illiya, mutumin Damagaram. Ta Turkiyya ya biyo, mafi yawan hanyar da ƙafa. Sau uku yana gwada tsallaka iyakar arewa ta cikin daji don ya shiga ƙasashen da ake samun aiki, sau uku ana koro shi da duka. Ya zo garin ne ya yi aiki a wurin masu yankan katako kafin ƙafarsa ta warke. Na ba shi gahawata. Baba ya rufe ido, kansa ya langaɓe, na ɗauka barci yake.

Da Illiya ya ji labarina sai ya riƙe haɓa.

"Fasfonka na hannunka? Kana tsaye a Turai da ƙafafunka biyu, kana tura keken tsoho? Ɗan'uwa, mutane na mutuwa a teku don su zo inda kake tsaye."

Na ce, "Mutanen kirki ne."

"Na yarda. To in tsohon ya rasu gobe fa? Aiki ya ƙare, a ce maka an gode, ka koma gida da jakarka. 'Ya'yanka nawa?"

"Uku."

"To ka gani. Gobe da yamma zan shiga jirgin Sarayebo. Na san hanya yanzu, wannan karon zan wuce. In kana zuwa, ka sa riga biyu."

Maganarsa ta zauna mini a ƙirji, don babu ƙarya a cikinta. Baba ya haura tamanin. Na tuna Abhur, na tuna lungunan Ruwais, na ga kaina na koma can. Ranar ban iya cin abincin kirki ba. Washegari na sa riga biyu, na ɗora jaket, na zura fasfo a aljihun ciki. Dakta Samira ta ce za ta shiga kasuwa sayen tsaraba, mu je tasha za ta same mu a gida. Na gaya wa kaina cewa mai jar hula zai kula da Baba, gari ne ƙarami, kowa ya san gidan da muke.

Illiya na can yana jira. Kallon wuyan rigata kawai ya yi ya gyaɗa kai. Jirgin ya fito daga cikin dutse, ya rage gudu, ya tsaya. Ƙofofi suka buɗe. Illiya ya shiga ya tsaya a bakin ƙofa. Na saki hannun keken.

Baba bai juyo ba. Yana kallon jirgin ya ce, "Mamuda."

"Na'am, Baba."

"In tafiya za ka yi, taka mini birkin keken nan tukuna. Wurin yana da gangare."

Ashe jiya idonsa biyu, ya ji komai.

Ya ce, "Ban hana ka ba. Kana da 'ya'ya. Ni ma da ƙafata na bar wani wuri. Taka birkin kawai."

Na sunkuya na danne birkin. A nan na ga ƙafarsa, wadda ta shanye, ta zame daga matakin keken tana lilo, safar ta kusa fita. Shi bai ma sani ba, don ba ya jin ta. Na ɗaga ta na mayar, na gyara safar, kamar yadda nake yi sau ashirin a yini. Da na miƙe na san ba inda za ni. Ba wani dogon tunani na yi ba. Na dai kasa ganin yadda za a yi ƙafar nan ta sake zamewa babu wanda ya lura.

Illiya ya ɗaga murya, "Taho mana!"

Na tuɓe jaket ɗin na ruga na miƙa masa, na ce, "Akwai sanyi a dajin. Allah ya kiyaye hanya." Sai da ya karɓa na tuna, na fizgo hannun jaket ɗin na zaro fasfona daga aljihu. Ya yi dariya, ni ma na yi, ƙofa ta rufe a tsakaninmu. Ban sake jin labarinsa ba. Ina fata ya wuce.

Baba ya bi jirgin da kallo har ya shige bayan dutse. Sannan ya ce, "Direban nan ya iya tashi. Bai fizgi mutane ba." Ya ja bargonsa. "Sanyi ya fara. Mu je gida."

Bai sake tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Mako guda bayan mun koma Jidda, Dakta Samira ta miƙo mini tikitin Kano, ta ce hutun wata biyu, ita za ta ɗauki hutu ta zauna da mahaifinta. Na je gida. Autana da na bari yana rarrafe ya ɓuya a bayan uwarsa, sai da aka kwana biyu ya yarda na ɗauke shi. Da wa'adi ya cika na dawo Aziziyya.

Baba Usman ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Ya rasu wata Laraba da hantsi, ina riƙe da hannunsa, 'yarsa na yi masa kalmar shahada. Ni da surukinsa muka yi masa wanka. Ba su sallame ni ba, Dakta Samira ce ta samo mini aikin kula da tsofaffi a asibitin da take, a can nake har yanzu.

Bayan an share makoki na ga ba zan iya ci gaba da riƙe abin a ciki ba. Na same ta a falo na ce, "Dakta, akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. A Konyits na so in gudu in bar Baba a tasha."

Ta ce, "Na sani, ya Mamuda."

Na ɗago kai.

"Ranar da kuka dawo, kana kicin kana dafa shayi, Abuya ya kira ni. Ya yi magana a hankali, kalma-kalma, don in gane ba sai an kira ka ba. Na gane duka."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Kada ki tambaye shi komai. Kewar 'ya'yansa yake yi. Da mun koma, ki bar shi ya je gida.'"

Na zauna a ƙasa a wurin. Allah ya jiƙan Baba Usman, ya sa ya huta.